Yadda Ake Ɗaukar Hoton Bakin Teku a Hunturun Ingila

Yawancin 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai su Ingila ba sa zuwa bakin teku sai a watan Yuli ko Agusta, lokacin da gari ya yi ɗumi kowa ya fito. Don shan iska wannan daidai ne. Don hoto kuwa, watannin da mutane ke gudu su ne na kirki: Disamba, Janairu da Fabrairu. Zan yi bayanin nan a kan gaɓar arewa maso gabashin Ingila, daga Whitley Bay kusa da Newcastle har tsibirin Lindisfarne dab da iyakar Sikotland, domin tana da duk abin da mai koyo ke bukata: shimfiɗaɗɗen yashi, baƙaƙen duwatsu, tsofaffin fadoji a kan tsauni, da hasumiyoyin fitilar jiragen ruwa. Abin da ka koya a nan zai yi maka aiki a kowace gaɓa mai sanyi.

Rana ce ta sa na fifita hunturu. A ƙarshen Disamba, a Newcastle, tana fitowa wajen ƙarfe 8:30 na safe ta faɗi wajen 3:40 na yamma. Ko da tsakar rana ba ta ɗagawa sama da digiri 12, tsayin da ranar Kano ke kaiwa tun ba ta cika awa ɗaya da fitowa ba. Hasken nan mai laushi da ke zuwa daga gefe, mai fito da kowane gurbi a jikin dutse da kowane layi a kan yashi, wanda a gida 'yan mintuna yake yi ya wuce, a can wuni yake yi. Ga shi kuma ba sai ka hana idonka barci ba. A watan Yuni rana na fitowa wajen 4:30, amma a Disamba sai ka yi sallar asuba a natse, ka kama hanyar A1, tafiyar kamar awa ɗaya, ka isa Bamburgh, ƙauyen bakin teku mai tsohuwar fada, gari bai gama wayewa ba.

Mataki na 1: Sanin ruwa kafin sanin kyamara

A nan zan fi daɗewa, domin a nan hoto yake kyau ko ya lalace, a nan kuma mutum yake tsira ko ya halaka.

Mu da muka tashi nesa da teku, ruwan da muka sani na kogi ne da tafki da dam: ya ciko da damina, ya ja baya da rani. Na teku ba ya jiran damina. Sau biyu yake cikowa, sau biyu yake janyewa, cikin awa 24 da minti 50. Tsakanin cikarsa da ƙarshen janyewarsa awa 6 ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. A wannan gaɓar, ranar babbar cikowa, tsakanin inda ruwan ya kai da inda ya sauka ya fi mita 4 a tsaye. A wuri mai shimfiɗe, mita 4 a tsaye na iya zama ɗaruruwan mitoci a kwance. Filin yashin da ka taka da hantsi, da la'asar babu shi.

Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi, kuma a nan Musulmi yana da wani sauƙi tunda lissafin wata a kansa yake. Babbar cikowa na zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata, da kuma bayan wata ya cika, wato a kwanakin farko na watan Musulunci da wajen 15 zuwa 17 ga wata. A tsakaninsu, wajen 8 da wajen 23 ga wata, ruwan ba ya cikowa sosai, ba ya kuma yin nisa sosai. A gaɓar Northumberland, yankin da Bamburgh da Lindisfarne suke, babbar cikowa takan faɗo tsakanin ƙarfe 3 da 5, na dare da na yamma. Ke nan a waɗannan ranakun, wanda ya je fitowar rana zai tarar ruwa ya yi nisa, duwatsu da ƙananan kududdufai duk a buɗe, wanda kuwa ya je faɗuwar rana zai tarar da shi ya cika maƙil. Da wannan kaɗai za ka iya zaɓen ranar da za ka nemi hutu a wurin aiki.

Akwai wani lissafi da masu jiragen ruwa ke amfani da shi, ka haddace shi. Ruwa ba ya cikowa da sauri ɗaya. Idan aka raba duk tsayin da zai hau kashi 12, a awa ta farko kashi 1 yake hawa, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar kashi 2, ta shida kashi 1. Rabin ruwan duka a awa biyu na tsakiya yake zuwa. Abin da ke yaudarar baƙo ke nan: ya ga awa guda ruwa bai wani motsa ba, ya sakankance, ya duƙufa a kan kyamara, sai kawai ya ɗago ya ga kwarin da ya tsallako ta bayansa ya cika. Teku ba ta gabanka kaɗai yake zuwa ba, yakan zagayo ta wurare masu gangare ya yanke maka hanya.

Saboda haka shawarata ga mai farawa ita ce ya je lokacin da ruwa ke janyewa, awa ɗaya zuwa biyu bayan cikarsa. Hanyar komawarka tana ƙara faɗi ne, ba raguwa ba. Yashin kuma jiƙaƙƙe ne, teku ya shafe sawun mutane da na karnuka, yana ɗaukar launin sama gaba ɗaya. Duwatsun ma a jiƙe suke, sun fi baƙi da sheƙi. Aminci da kyan hoto a nan hanyarsu ɗaya.

Jadawalin ba ya da wuyar samu. Kowane gari na bakin teku yana da nasa a intanet, kuma akan liƙa shi a tashoshin jiragen ruwa. Ka duba na garin da za ka je, ba na wani gari mai nisa ba, don lokutan sun bambanta. Lindisfarne kuwa hukuncinsa daban: titin mota da ke shiga tsibirin ruwa na rufe shi sau biyu a rana, kuma ƙaramar hukumar Northumberland na wallafa lokutan da ya halatta a ƙetare. A tsakiyar titin akwai wani ɗan ɗaki da aka ɗora a kan dogayen ƙafafu domin waɗanda ruwa ya ritsa da su, su hau su bar motarsu. Ba don ado aka gina shi ba. Idan lokaci ya wuce, ya wuce, ko da idonka na ganin kwalta.

Mataki na 2: Iska da inda rana za ta ɓullo

Daren da za ka tafi ka duba hasashen Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, ka nemi abu uku: gajimare, ƙarfin iska, da inda take fitowa. Sama fes babu gajimare ba ita ce mafi kyau ba, hoton yakan fito rabinsa fanko. Gajimare na sama-sama mai tsaga a wajen gabas shi ke kama ja da ruwan goro kafin rana ta fito. Iskar yamma, wadda ita ta fi yawa a can, daga tudu take busowa zuwa teku, tana kwashe feshin ruwa daga gilashinka, tana kuma tsefe kan igiyar ruwa ta mai da shi baya, abin sha'awa a hoto. Iskar arewa da ta arewa maso gabas ita ke tayar da manyan raƙuman ruwa, ita kuma ke watsa maka gishiri a fuska.

Kada ka ɗauka rana daga gabas sak take fitowa. A hunturun can daga kudu maso gabas take ɓullowa. Shi ya sa wanda ya tsaya a duwatsun Harkess, arewa da fadar Bamburgh, ya fuskanci fadar, zai ga hasken safiya na tasowa ta wajenta. A watan Yuni ba za ka sami wannan ba, don ranar ta koma can arewa maso gabas. Manhajoji irin su PhotoPills suna zana maka layin fitowar rana a kan taswira, a kowace rana ta shekara.

Mataki na 3: Kaya

Jikinka tukuna. Riguna a jere, ta ciki mai riƙe ɗumi, ta waje mai hana ruwa da iska. Hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu siririya wadda za ka iya murɗa maɓalli da ita, da wata mai kauri a aljihu. Dogon takalmin roba da safa biyu. Tocilar goshi, filas na shayi, da waya mai cikakken caji. Wanda yatsunsa suka ƙage ba ya tsayawa gyara hoto, gida yake so.

Na aiki kuma: kyamara kowace iri ce muddin za ka iya saita ta da hannu, lens mai faɗi, kamar milimita 16 zuwa 35, da mai jawo nesa, kamar milimita 70 zuwa 200, idan kana da shi, tiraifod mai ƙarfi, wato ƙafafu ukun da ake ɗora kyamara a kai, wanda shi ne abin da ba zan yarda a yi masa rowa ba, igiyar danna shota (ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga kyamara), ƙyallen goge gilashi guda uku ko huɗu a cikin leda, batir biyu. Sanyi na rage ƙarfin batir, don haka na ajiya ya zauna a aljihun ciki, jikin fatarka. Wanda ya nuna ya mutu ma, in ya ɗumama yakan farfaɗo. Sai filta mai rage haske, wadda ake kira ND, mai ƙarfin rage haske mataki 6 ta isa a fara da ita, lissafinta na nan gaba.

Mataki na 4: Ka san wurin da rana, ka iso shi da duhu

Kada karon farko da za ka taka wuri ya zama cikin duhu. Ka je da rana tukuna, ka ga inda ake ajiye mota, inda hanya ta sauka, da inda za ka hau idan ruwa ya matso.

Wanda ba shi da mota ya fara da hasumiyar St Mary's a Whitley Bay, jirgin Metro daga Newcastle yana kai mutum garin. An gina ta a 1898, ta daina aiki a 1984, tana kan ɗan tsibiri da siririn titi ya haɗa shi da tudu, ruwa yana rufe titin in ya ciko. Daga kan tudu, ba tare da ka jiƙa ƙafa ba, za ka iya koyon duk abin da zan faɗa a ƙasa. Bamburgh ita ce ta biyu, yashinta mai faɗi ne, wurin ja da baya da yawa. Dunstanburgh ka bar ta sai hannunka ya faɗa. Kango ne na fadar da aka fara ginawa a 1313, ana isa da ƙafa daga ƙauyen Craster, tafiyar kamar kilomita 2. Hoton da aka fi saninta da shi daga arewa ake ɗauka, inda gaɓar ta cika da baƙaƙen duwatsu mulmulallu kamar tukwanen da aka kife. Suna da kyau ƙwarai, suna kuma da santsin da ba a kwatantawa, musamman masu koren gansakuka. A kansu da hannu da ƙafa ake tafiya, kyamara a cikin jaka, ba a wuya ba.

Ranar aiki ka iso aƙalla minti 45 kafin fitowar rana. Da sanyin safiya ake kama fara. Launi mafi kyau sau da yawa kafin ranar ta leƙo yake zuwa, kuma a can wayewar gari a hankali take, ba irin tamu ba da ake ƙiftawa gari ya yi fari. Idan ka iso, kada ka buɗe jaka. Ka tsaya minti biyar ko goma kana kallon ruwa kawai. Igiyoyin ba girmansu ɗaya ba, sukan zo ƙanana a jere sannan manya su biyo. Ka lura da inda mafi girma ta tsaya, ka sa wannan ya zama iyakarka. Ka kuma lura da inda za ka taka, domin sawunka a kan yashin da za ka ɗauka ba ya gogewa sai ruwa ya dawo. Ta gefe ake zagayowa.

Mataki na 5: Kafa tiraifod da tsara hoton

Ka fara da kyamara a hannu. Ka duƙa, ka miƙe, ka matsa hagu, ka matsa dama, sai ka sami wurin sannan ka kafa tiraifod a nan. Wanda ya fara kafa tiraifod yakan ɗauki duk hotunansa daga tsayin ƙirjinsa, a wurin da ya fara tsayawa.

Teku shi kaɗai layi ne kwance, ba ya riƙe ido. Hoton yana son abu a gaba, abu a tsakiya, abu a nesa: dutse ko kududdufi a kusa da ƙafarka, ruwa mai motsi a tsakiya, fada ko hasumiya a can. Da lens mai faɗi ka matsa kusa da abin gaban sosai, mita ɗaya ko ƙasa da haka, ka sauko da kyamara zuwa wajen gwiwa. Amma kada ka sauka har tsakiyar ta matse, dutsen gaba ya haɗe da fada. Layin da teku ya haɗu da sama kada ya raba hoton biyu daidai, sai in hoton sama a kan jiƙaƙƙen yashi kake nema. In sama ta yi kyau ka ba ta kashi biyu cikin uku, in ba ta yi ba ka ba ƙasa. Layin nan kuma ya miƙe sak. Ruwa ba ya kwanciya a karkace, ido na ganewa nan take. Kusan kowace kyamara tana da ma'aunin daidaito a fuskarta, ka kunna shi.

A kan yashi ka danna ƙafafun tiraifod su nutse sosai, domin ruwa in ya zo ya koma yana kwashe yashin ƙarƙashinsu, kyamara ta motsa ba ka sani ba. Ka zaro sashen ƙafa na ƙasa ko da kaɗan ne, don yashi ya tsaya a jikin sandar kada ya shiga mahaɗa. Kada ka ɗaga sandar tsakiya. In iska na kaɗawa ka cire igiyar wuya ta kyamara ko ka naɗe ta, ka tsaya ta inda iskar ke fitowa jikinka ya kare ta. Ka kashe na'urar hana girgiza tunda kyamara a kafe take.

Mataki na 6: Saurin shota, wanda shi ne zuciyar aikin

Ka sa kyamara a saitin hannu, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 100, ƙofar haske f/11, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Ka sa fokas a kan abin da ke kamar kashi ɗaya cikin uku na zurfin hoton, ka mai da fokas ɗin na hannu don kada igiyar ruwa ta riƙa jan sa. Ka ɗauki gwaji ɗaya, ka faɗaɗa shi a fuskar kyamara, ka tabbata dutsen gaba da fadar nesa duk sun fito tas. Abin da ya rage shi ne tsawon lokacin da shota za ta zauna a buɗe, kuma shi ke yanke irin tekun da za a gani.

Daga 1/500 zuwa 1/1000 na daƙiƙa, ruwa na daskarewa a sama, kowane ɗigo a bayyane. Wannan na ranar da teku ke dukan dutse ne.

Daga 1/4 zuwa daƙiƙa 1, ruwa na motsi amma bai rasa siffarsa ba. Ni a nan na fi zama. Ga yadda ake yi. Ka bar igiyar ta zo, ta bazu a kan yashi, ta kai iyakarta. Akwai ɗan tsayawa da take yi kafin ta juya. Da ta fara komawa sai ka danna. Farin kumfa zai ja dogayen layuka, ya kewaye duwatsu, ya nufi teku, ido ya bi shi har cikin hoton. In ka danna tana zuwa, farin dunƙule za ka samu marar tsari. Shi ya sa igiyar danna shota ta fi saitin jinkirin daƙiƙa biyu, don da jinkiri ba za ka taɓa dacewa da juyawar ba. Ka ɗauka da yawa, babu igiya biyu masu zane iri ɗaya. In layukan sun yi gajeru ka ƙara lokaci, in sun narke sun zama fari fat ka rage. Ruwa mai gudu rabin daƙiƙa ya ishe shi, mai nawa yana son daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Daga daƙiƙa 30 zuwa sama, teku na kwantawa ya zama hazo, gajimare ya ja. Yana da kyau a wurin hasumiya ko ginshiƙan katako. Amma an yi shi har ya yi yawa, kuma yana kashe ƙarfin tekun hunturu, wanda shi ka sha sanyi ka zo nema. Ka yi shi da dalili, ba don filta na jaka ba.

Kafin rana ta fito, duhun da ke akwai zai ba ka waɗannan lokutan ba tare da filta ba. In haske ya ƙaru sai ka sa ta. Lissafinta mai sauƙi ne: kowane mataki na ninka lokaci biyu. Mai mataki 6 na ninka shi sau 64, don haka 1/125 ya koma rabin daƙiƙa. Mai mataki 10 na ninka shi kusan sau 1000, don haka 1/30 ya koma wajen daƙiƙa 30. Ka gama tsara hoto da fokas kafin ka ɗaura ta, don ta cikinta kyamara ba ta gani sosai.

Bayan kowane hoto biyu ko uku ka leƙa gaban gilashin. Feshin gishiri ba ya nunawa a ƙaramar fuskar kyamara, sai ka koma gida ka ga komai ya yi dishi-dishi. Ka fara ɗauke ɗigon da ƙyalle ɗaya, ka goge da busasshe. In ƙyalle ya jiƙe ka sauya, in ba haka ba shafa gishirin kawai kake yi. Tsakanin ɗauka da ɗauka ka rufe lens da murfinsa ko da hularka.

Mataki na 7: Auna haske

Kada ka yarda da yadda hoto ya bayyana a fuskar kyamara, a cikin duhu komai haske yake yi. Ka kunna zanen ma'aunin haske, wanda ake kira histogiram. Abin kiyayewa ɗaya ne: kada ya manne da bangon dama. Kumfa da sama in sun ƙone sun zama fari, babu manhajar da za ta dawo da su, amma duhun dutse ana iya ɗago shi daga RAW. In tazarar sama da ƙasa ta yi yawa, ka ɗauki uku ba tare da ka motsa kyamara ba, ɗaya don sama, ɗaya don ruwa, ɗaya don duwatsu, ka haɗa su a kwamfuta. In dusar ƙanƙara ta rufe yashi, kyamara za ta so ta mai da ita toka, sai ka ƙara haske da mataki ɗaya.

Ranar guguwa, da ranar da gari ya yi toka

Ranar da teku ya haukace ba a sauka bakinsa. Ana hawa tudu ne, a sa lens mai jawo nesa, shota 1/1000, a ɗaga ISO zuwa 400 ko 800 in haske bai isa ba. Daga tudun Tynemouth ana hango raƙuman ruwa na dukan katangar da ke kare bakin kogin Tyne. A watan Oktoba na 2023 guguwar Babet ta cire kan hasumiyar fitilar South Shields, a ɗaya gefen kogin. Ruwan da ya yi wa ƙarfe haka, mutum ba komai ba ne a gabansa. Kada ka hau katangar tashar jiragen ruwa, kada ka matsa bakin gangaren dutse, yakan zabtare bayan ruwan sama. In Met Office ta ba da gargaɗi mai launin ruwan lemo ko ja, ka zauna gida, washegari ma tekun bai gama hucewa ba, kuma hasken ya fi.

Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. In ka ga mutum cikin haɗari, ka kira 999 ka nemi masu gadin gaɓa, wato Coastguard, kada ka faɗa ruwa. Sanyinsa a hunturu wajen digiri 6 zuwa 8 ne, yana ƙwace numfashin ko gwanin iyo. Wanda ya faɗa, abin da ƙungiyar ceto ta RNLI ke koyarwa shi ne ya kwanta rigingine, ya buɗe hannu da ƙafa, ya bar numfashinsa ya daidaita kafin ya yi wani yunƙuri.

Ranar da sama ta rufe ruf babu launi, kada ka juya. Ka cire sama daga hoton ka dubi ƙasa: zanen da ruwa ya bari a yashi, ciyawar teku a kan dutse, tsofaffin jiragen kamun kifi da aka kife aka mai da su rumfunan ajiya a Lindisfarne. Irin wannan rana ita ce ta hoton baƙi da fari. In kuma an tashi da raɓa ta daskare, ka hau tudun yashi bayan Bamburgh kafin rana ta narkar da ita, ka ɗauki ciyawar haske na bayanta. Daga can, in gari ya washe, ka waiga yamma, tsaunukan Cheviot na iya kasancewa fari da ƙanƙara.

Mai waya ma ba a bar shi a baya ba. Duk maganar ruwa da haske da tsari ɗaya ce. Wayoyi da yawa suna da saitin hannu inda za ka zaɓi ISO da saurin shota, kuma a iPhone hoton Live ana iya mai da shi mai dogon buɗewa daga baya. Ka nemi ƙaramin maƙalin da ke ɗora waya a kan tiraifod, ka riƙa mai da ita aljihun ciki tana ɗumama.

Bayan ka dawo

Kafin ka shiga mota ko ɗaki mai ɗumi, ka zare memori ka sa a aljihu, ka sa kyamara a jaka ka zuge. A gida ka bar jakar a rufe awa ɗaya ko biyu. Gilashi mai sanyi in ya haɗu da iska mai ɗumi gumi yake yi, har ta ciki, kuma damshi a cikin lens shi ke kawo fumfuna. In ta ɗumama ka goge jikinta da ƙyalle mai ɗan damshin ruwan famfo. Tiraifod kuwa ka zaro ƙafafunsa gaba ɗaya, ka wanke su a banɗaki a ranar, ka bar shi a miƙe ya bushe. Gishiri da yashi in suka kwana a mahaɗa, ƙulle su suke yi.

A wajen gyara, ka fara miƙe layin teku, ka rage hasken wuraren da suka yi fari, ka ɗago duhun duwatsu kaɗan, ka goge tabon ƙura da ɗigon ruwa da ke sama. Shuɗin safiyar hunturu kada ka ɗumama shi duka, kuma kada ka cika launi har yashi ya koma ruwan lemo. A ƙarshe ka rubuta a littafi ko a waya: wurin, ranar watan Musulunci, lokacin cikar ruwa, inda iska ta fito, da saurin shotar da ya fi yi maka kyau. Da wannan rubutun za ka zaɓi ranar komawa.